Malesiya a ƙarshen Nuwamba: teku, kurmi da birane cikin kwana 14

Tambayar da wani Alhaji ya aiko: ɗansa ya kammala digiri na biyu a wata jami'a da ke kusa da Kuala Lumpur, za a yi bikin yaye su a ƙarshen Nuwamba. Shi da Hajiya za su je, suna da kwana 14. Yaron ya sha turo musu hotunan tsibirin Perhentian, ruwa garai-garai har ana hango ƙasansa. Suna so su ga wannan wurin, su shiga kurmin da ake labari, su kuma zaga birane. Ta ina za su fara?

Alhaji, barka da arziki, Allah ya sa wa karatun albarka. Na yi shekara biyar a ƙasar ina karatun kimiyyar gandun daji, kuma aikin ya kai ni kusan duk wuraren da ka ambata. Bari in fara da abin da ba za ka so ji ba: ku cire Perhentian daga lissafi. Hotunan gaskiya ne, amma ka tambayi yaron a wane wata ya ɗauke su. Zai ce maka tsakanin Afrilu da Satumba.

Dalilin kuwa ka san shi tun daga gida. Iskar da ke kawo mana hunturu daga arewa maso gabas take busowa, ta ratso Sahara, ta iso mana a bushe da ƙura. Mutanen Malesiya ma daga Nuwamba zuwa Maris iskarsu daga arewa maso gabas take zuwa, sai dai maimakon hamada, Tekun Kudancin Sin take ratsowa, ta ɗebo ruwa ta juye shi a gaɓar gabashin ƙasar, wato jihohin Kelantan, Terengganu, Pahang da gabashin Johor. A watannin da muke neman man shafawa don kaushi, su ambaliya suke fama da ita. Tsibiran Perhentian da Redang da Tioman duk a wannan gefen suke. Igiyar ruwa takan yi ƙarfi, ruwan ya gurɓace, jiragen ruwan da ke kai mutane Perhentian daga garin Kuala Besut su ragu ko su tsaya cik, yawancin masaukan tsibiran kuma su rufe har wajen Fabrairu ko Maris. Wani zai iya sayar muku da ɗaki ta intanet da araha mai ban mamaki a wannan lokacin. Arahar ita ce alamar.

Abu na biyu, Malesiya gida biyu ce. Akwai ɓangaren da ke manne da Tailan, inda Kuala Lumpur take, akwai kuma jihohin Sabah da Sarawak a kan tsibirin Borneo, teku ya raba su. Daga Kuala Lumpur zuwa Kota Kinabalu, babban birnin Sabah, tafiyar kimanin sa'a biyu da rabi ce a jirgin sama. A taswira ƙasar kamar 'yar mitsitsiya, amma wanda ya ce zai taɓa ko'ina cikin mako biyu, a filayen jirgi zai ƙare kwanakinsa. Taura biyu ba ta taunuwa. Da ni ne, haka zan raba: kwana huɗu ko biyar a Kuala Lumpur har da ranar biki, wuni ɗaya a Melaka, kwana shida a Sabah inda za ku sami teku da kurmi a wuri guda, sauran a bar su don hutu da tsaraba.

Kafin nan, takardu. Mai fasfo ɗin Najeriya sai da biza kafin ya tashi, kuma sharuɗɗan da ake gindaya mana sun fi na mutanen ƙasashe da yawa tsauri, suna kuma canzawa. Ofishin jakadancinsu yana Abuja, can za ku ji ƙa'idar da ke aiki yanzu, kada ku dogara da abin da ejan ya ce. Yaron ya karɓo muku wasiƙar gayyata daga jami'a tun yanzu. Katin allurar shawara dole ne. Akwai kuma fom ɗin shiga ƙasa da ake cikewa ta intanet, MDAC, cikin kwana uku kafin sauka, kyauta ne a shafin hukumar shige da ficensu, duk wanda ya ce ku biya, ɗan damfara ne. In bizar ta shiga sau ɗaya ce, kada kwaɗayin leƙa Singafo ya ja ku, kuna tsallaka gada ta ƙare. Sannan Sabah da Sarawak suna da ikon kula da shige da ficensu tun yarjejeniyar da ta haɗa ƙasar a 1963, don haka ko daga Kuala Lumpur kuka taso, sai an sake duba fasfo an buga hatimi. Fasfo yana jikinku ko'ina, ba a otal ba. Baƙar fata yakan gamu da tambayoyi fiye da sauran baƙi, a filin jirgi ko a kan titi. An tare ni fiye da sau ɗaya, kuma abin da ya raba mu kullum shi ne takarda a hannu da sanyin murya. Saƙon wani kuwa, komai kusancinku, in ba a gabanku aka ɗaure shi ba kada ku ɗauka. Hukuncin safarar miyagun ƙwayoyi a can yana kaiwa ga kisa. A 2023 sun soke tilasta wa alƙali yanke shi, amma hukuncin na nan.

Babu jirgi kai tsaye daga Najeriya, sai an ya da zango a Doha, ko Adis Ababa, ko Istanbul. Suna gabanmu da sa'a bakwai, saboda haka ku iso aƙalla kwana biyu kafin biki, kada Hajiya ta yi ta gyangyaɗi ana kiran sunan ɗanta. Naira ba ta canzuwa a can. Ku zo da dala, sababbin takardu, ku canza kaɗan a filin jirgi, sauran a wajen 'yan canjin da ke cikin manyan kantuna, sun fi farashi mai kyau. Kowane otal zai ƙara muku ringgit 10, wato kuɗin ƙasar, a kan ɗaki duk dare, harajin baƙi ne na gwamnati, ba cuta ba ce. Soket ɗinsu irin namu ne mai ƙafa uku. Mota kuma a hagu take tafiya, kamar yadda muke yi kafin 1972, sai a kula wajen tsallaka titi.

Kuala Lumpur ba za ta wahalar da ku ba. Daga filin jirgi akwai jirgin ƙasa mai sauri da ke kaiwa tashar KL Sentral cikin kimanin rabin sa'a, a cikin gari kuma Grab, manhajar kiran tasi ta waya, ya wadatar. Tagwayen benayen Petronas masu tsayin mita 452 za ku gan su ko ba ku nema ba, ga kuma Merdeka 118 da ya kere su, mita 678.9, na biyu a duniya bayan na Dubai. Ku ɗauki hoto ku wuce. Inda nake so ku ɓata lokaci shi ne gidan adana kayan fasahar Musulunci da ke kusa da Masallacin Ƙasa. An buɗe shi a 1998, kuma ɗakin rubutattun Alƙur'anai da na ƙananan samfuran masallatan duniya sun isa su cinye muku rabin wuni. Daga nan Masjid Jamek, na 1909, wanda ke daidai mahaɗar kogunan Klang da Gombak. Sunan garin ma daga nan ya fito, ma'anarsa mahaɗar ruwa mai taɓo. Hajiya kuma a kai ta titin Tuanku Abdul Rahman da Masjid India don yadi da mayafai, amma a ranar ƙarshe, in ba haka ba akwatunan za su bi ku har Borneo.

Ga wani abu da ba a cika faɗa wa mutanenmu ba. Bahaushe in ya ce ya fuskanci gabas, salla yake nufi. A Malesiya Makka tana yamma, ɗan karkace zuwa arewa. A darena na farko na tashi da asuba, na yi lissafin mafitar rana kamar yadda na saba, na ba Ka'aba baya na yi sallata cikin natsuwa. Sai da gari ya waye na ga 'yar kibiya a silin an rubuta Kiblat. Kusan kowane ɗakin otal yana da ita, a silin ko cikin durowa. Lokutan ma za su ba ku mamaki: a Kuala Lumpur rana ba ta fitowa sai wajen bakwai, azahar wajen ɗaya, magariba wajen bakwai na yamma. A Sabah agogo ɗaya ne amma komai yana matsowa da kimanin sa'a guda, asuba tana shiga kafin biyar. Mutanen ƙasar Shafi'awa ne. Liman zai bayyana Bisimilla a Fatiha, za a yi ƙunutu da asuba bayan ruku'u, hannaye a ɗage, kowa kuma ƙabalu yake yi. In kai mai sadalu ne, wani yaro zai iya kallonka, ba wanda zai tanka. Wurin salla, wanda suke kira surau, yana kowane babban kanti da gidan mai da tashar mota, da ɓangaren mata da wurin alwala.

Kada dai wannan ya sa ku ɗauka duk abincin da ke kan titi halal ne. Musulmi sun ɗan haura kashi 60 cikin ɗari, sauran akwai Sinawa da Indiyawa da ƙabilun Borneo masu addinai daban-daban, kuma naman alade abinci ne na yau da kullum a gidajen cin abincin Sinawa. Ku nemi tambarin halal na JAKIM, hukumar harkokin Musulunci ta ƙasar, ko ku shiga wajen Malayawa, ko shagunan Indiyawa Musulmi da ake kira mamak, waɗanda da yawansu ba sa rufewa dare da rana. A can za ku sami roti canai, wata gurasa mai laushi da ake ci da miyar wake, da teh tarik, shayin madara da ake ɗagawa sama ana juyawa tsakanin kofi biyu, sak mai shayin bakin tasha. Satay kuwa tsire ne, sai dai gyaɗar a miya take maimakon ƙuli, kuma da zaƙi. Sukari yana shiga kusan komai nasu. In akwai mai ciwon suga a cikinku, ku riƙe kalmomi biyu: kurang manis, wato a rage zaƙi.

Yanzu teku. Ba zan ce muku Sabah a bushe take a ƙarshen Nuwamba ba, ana ruwa. Bambancin shi ne a Kota Kinabalu ruwan ya fi sauka da la'asar ko da dare, kuma tsibiran da ke gaban birnin ba sa rufewa. Guda biyar ne, Gaya, Manukan, Sapi, Mamutik da Sulug, an haɗa su a gandun ruwa mai sunan Tunku Abdul Rahman, firaministan ƙasar na farko. Daga bakin ruwan birnin minti 15 zuwa 20 ne a ƙaramin jirgi mai inji. Ku fita da jirgin farko, ku dawo kafin hadari ya haɗu. Ku ware wa tekun safiya biyu, don in ɗaya ta ɓaci ɗaya ta yi. Ruwan ba zai kai na hoton Perhentian haske ba, musamman in an kwana ana ruwa, amma za ku ga abin da kuka zo gani.

Abin da ake zuwa gani shi ne murjani. Mu a wuyan amare da cikin adudun kakanni muka san shi, har muna ɗaukarsa dutse. Dabba ce. Wasu 'yan ƙananan halittu ne masu taushi, kowace ba ta wuce ƙwayar gero ko dawa ba, suna zaune dubbai a jere, kowace tana gina wa kanta gida na farar ƙasa. In ta mutu gidan ya rage, 'ya'ya su ɗora nasu a kai, a haka cikin ɗaruruwan shekaru ake samun tudu a ƙarƙashin ruwa, wani kamar ƙahon barewa, wani kamar faifai, wani kamar ƙwaƙwalwa. (Jan da ake yin tsakiya da shi wani jinsi ne daban, ya fi yawa a Bahar Rum.) A cikin jikin kowace halitta akwai wani gansakuka da ido ba ya gani, shi ke amfani da hasken rana ya samar mata da yawancin abincinta, shi ke ba ta launi. Shi ya sa irin wannan murjanin ba ya yi sai a ruwa mai ɗumi, mai haske, marar zurfi, kuma shi ya sa wanda bai iya nutso ba ma zai gan shi daga sama. In ruwan ya yi zafi fiye da ƙima na makonni, sai halittar ta kori gansakukan, ta yi fari fat, in abin ya daɗe ta mutu. Haka ta faru a tekun Malesiya a 2010 da 2024. In kun ga wani fili fari ko toka-toka a tsakiyar masu launi, abin da ya same shi ke nan.

Ba sai kun iya iyo ba. Ni da na tashi ban san ruwan da ya wuce kududdufin bayan gari ba, da rigar ceto na fara. Za a ba ku hayar ta, da gilashin fuska da bututun numfashi. Ka kwanta ruf da ciki a kan ruwa, ka saki jiki, ka yi numfashi ta baki. Minti biyar na farko tsoro ne, daga nan sai an yi da gaske za a fito da kai. Hajiya ba ta da abin damuwa game da sutura, matan Malayawa da dogon wando da riga mai dogon hannu da ɗankwali suke shiga, ana kuma sayar da kayan iyo masu rufe jiki a kantunan birni. Sharaɗi ɗaya: kada a taka murjani, kada a taɓa, kada a ɓallo don tsaraba. Yana yanka kamar reza, ciwon ba ya saurin warkewa, kuma abin da ƙafa ta karya cikin daƙiƙa shekaru ya yi yana girma. Dokar gandun ma ta hana.

Za ku ji ana zuzuta Sipadan, can kudu maso gabashin Sabah. Ya cancanci zuzutawa: tsibiri ne da ya taso kimanin mita 600 daga ƙasan teku, har Malesiya da Indunusiya suka yi shari'a a kansa, Kotun Duniya ta ba Malesiya a 2002. Amma wurin masu nutso da tukunyar iska ne, masu takardar shaida, ana ƙayyade adadin masu shiga kullum, ba a kuma kwana a kansa. Yankin ya yi fama da masu garkuwa da mutane daga kudancin Filifin, a shekarar 2000 daga kan tsibirin aka kwashe mutum 21. An ƙara tsaro sosai tun 2013, amma ba tafiyarku ba ce wannan.

Kurmi kuma. Da yawa za su ce ku je Taman Negara, babban gandun da ya ratsa Pahang, Kelantan da Terengganu, murabba'in kilomita 4,343. Na yi watanni a cikinsa ina auna itatuwa, ina kuma ƙaunarsa, amma ba zan tura dattijo da iyalinsa can a damina ba. Hanyoyin santsi, kogin yakan cika, matsattsaku kuma suna bin mutum har cikin safa. Ban da haka, wanda ya saba da dajinmu, ko ya je Yankari ya hango giwa daga nesa, zai sha mamaki: a kurmi ba a ganin dabba. Itatuwa sun kai mita 50 ko 60, rassan sun haɗe a sama, ƙasa duhu-duhu, rayuwar duk tana can bisa. Za ka ji kuka iri-iri, gumi ya jiƙa ka sharkaf, ka fito ba ka ga komai ba sai tururuwa.

Maganin wannan shi ne kogi. Daga Kota Kinabalu ku hau jirgi zuwa Sandakan, bai kai sa'a ɗaya ba. Kusa da garin akwai Sepilok, cibiyar da aka kafa a 1964 don renon marayun orangutan, wani babban biri mai jan gashi, a koya musu komawa daji. Sunan da Malayanci yana nufin mutumin daji, kuma in babban namiji ya zauna ya zuba maka ido za ka gane dalili. Ana ajiye musu abinci da ƙarfe goma na safe da uku na yamma, mutane na kallo daga kan dakalin katako. Wata rana ba ko ɗaya da zai zo, musamman in itatuwa sun yi 'ya'ya, kuma ma'aikatan murna suke yi da hakan, alama ce sun iya ciyar da kansu. Daga nan tafiyar sa'a biyu da wani abu a mota zuwa ƙauyen Sukau ko Bilit a bakin Kinabatangan, kogi mafi tsawo a Sabah, kimanin kilomita 560. Ku kwana biyu. Ana fita a kwalekwale mai inji da sassafe da kuma la'asar, kuna zaune, dabbobin na zuwa bakin ruwa da kansu: kada, manyan dangin cilakowa masu ƙaho a kan baki, da wani biri mai jan dogon hanci da tumbi wanda babu shi ko'ina sai Borneo. Mutanen wurin suna kiransa birin Holan, tsokanar Turawan Holan da suka yi mulki a ɓangaren tsibirin da ke Indunusiya a yanzu. In da rabo, har giwayen Borneo, waɗanda suka fi sauran giwayen Asiya ƙanƙanta. Ku yi wannan ɓangaren kafin Disamba ta yi nisa, don daga nan zuwa Janairu ruwan gabashin Sabah ya fi tsanani, kogin yakan yi ambaliya.

A hanyar Sukau za ku yi ta wuce gonakin kwakwar manja har ido ya gaji, kuma a nan ne za ku gane abin da ya sa dabbobin suka taru a bakin kogi: siririn dajin da ya rage musu ke nan. Na san za a tuna da zancen da ake yawan yi a gida, wai a shekarun 1960 suka zo Najeriya suka ɗebi iri. Itacen dai na Afirka ta Yamma ne, babu musu. Amma Turawan Holan sun dasa guda huɗu a lambun Bogor da ke tsibirin Java na Indunusiya tun 1848, kuma gonar kasuwanci ta farko a ƙasar an kafa ta a jihar Selangor a 1917. An yi musayar iri tsakanin masu bincike daga baya, amma ba da shi suka fara ba. Abin da suka fi mu shi ne shekaru na bincike da tsari, kuma kurmin da za ku ga babu shi, shi ne kuɗin da suka biya.

Sauro a kula da shi. Na zazzaɓin dengi da rana yake cizo, har a tsakiyar birni, kuma a dazukan Sabah akwai wani nau'in zazzaɓin cizon sauro da ake ɗauka daga birai. Man korar sauro da riga mai dogon hannu, kuma ku ga likita kafin tafiya. In zazzaɓi ya kama ɗayanku bayan kun dawo, a gaya wa likita inda aka je, kada a wuce kemis a ce maleriyar da aka saba ce.

Melaka sa'a biyu ce a bas daga Kuala Lumpur, ana zuwa a dawo a wuni. Daular Musulunci ce da ta riƙe mashigin teku tun wajen 1400, Turawan Fotugal suka ci ta a 1511, na Holan suka ƙwace a 1641, Ingilishi suka karɓa a 1824, kowa ya bar gininsa. Ku yi azahar a masallacin Kampung Kling na 1748, wanda hasumiyarsa ta fi kama da ginin Sinawa. Penang ta fi ta abinci da girma, amma sa'a huɗu ce a jirgin ƙasa, a bar ta sai wani zuwan, a haɗa da Perhentian a watan Yuni.

Daga Sandakan akwai jirgi kai tsaye zuwa Kuala Lumpur, ba sai kun koma Kota Kinabalu ba. Ku sayi tikitin da zai dawo da ku kwana biyu kafin jirgin gida, saboda a damina jiragen cikin gida sukan yi jinkiri, kuma kamfanin da zai kai ku Kano ko Abuja ba ruwansa da hadarin Borneo. In jirgin mai araha ne, ku biya kuɗin kaya tun wajen sayen tikiti, a filin jirgi ya fi tsada nesa ba kusa ba. Allah ya kai ku lafiya, a gaida Hajiya da angon biki.